Gurbin Mutum Ɗaya a Benci

Da bakaniken ya hango Bajapanen nan mai gina makarantar firamare zaune a rumfar mai tsire a unguwar Briqueterie, sai ya ajiye sifana ya tsallako titi. Ya daɗe yana jiran wannan rana.

Shekarar da darajar kuɗin sefa ta karye bakaniken ya tafi Osaka, can ƙasar su Bajapanen, kwance injinan tsofaffin motoci. A can ya sami sabon suna, gaijin, wato mutumin waje. A ofis sukan ce gaikokujin, mutumin wata ƙasa, har da rusunawa. Ba wanda ya taɓa zaginsa. Amma shekara bakwai, komai cikar jirgin ƙasa, kujerar gefensa ba ta samun mai zama. Ya dawo gida da kalmar a bakinsa, yana neman wanda zai mayar wa.

"Yawwa, Malam, kai ka san yarensu," in ji mai tsire. "Tambayi Chinois ɗin nan, mutumin Sin, a sa masa yaji?"

"Ba Chinois ba ne."

"Ai duk ɗaya ne."

Ya buɗe baki ke nan sai idonsa ya sauka a kan bencin. Mutum biyar sun cure a gefe guda, sun bar gurbin mutum ɗaya tsakaninsu da Bajapanen.

"Kada mu takura wa baƙo," in ji wani dattijo cikinsu.

Bakaniken ya haɗiye kalmar. Ya zauna a gurbin, kafaɗarsa na gogar ta baƙon, ya ce, "A sa mana yaji. Takarda ɗaya."