Tafiyar Baban Obianuju

Tun kafin Kirsimeti ake ce wa Obianuju babanta ya yi tafiya. Yarinya ce 'yar aji huɗu a wata firamare a Gada Biyu. Abin da ta sani kawai, an ajiye ta gidan maƙwabta, Mama ta je garinsu a kudu, ta dawo da kai a aske, sanye da fararen kaya. Shagon Baba na kayan mota kuma yana rufe.

Ranar nan Malama Fibi tana karanta musu littafin wani yaro da aka ce masa mahaifiyarsa ta yi tafiya. So take su koyi gane abin da marubuci bai faɗa kai tsaye ba.

"Baƙi sun cika gida, an raba kayanta, uban yana kuka a ɓoye," in ji Malama. "To, ina mahaifiyar take?"

Obianuju ta ɗaga hannu. "Tafiya ta yi, Malama. Za ta dawo."

"Sake dubawa, 'yata."

Ta sake karantawa, kanta ya ɗaure. "Ai mu ma an raba takalman Babana, kuma tafiya ya yi."

Chuwang, abokin zamanta, ya juyo. "Babanki fa ya mutu! Kowa a layinmu ya sani."

Ta dubi Malama don ta tsawata masa. Malama ta rufe littafin, ta kawar da kai.

Da Obianuju ta koma gida ta tari Mama a bakin ƙofa. "Ƙarya Chuwang yake yi, ko?"

Mama ta durƙusa ta fashe da kuka. "Ba na so ki wahala ne, Uju."

Obianuju ba ta yi kuka ba. Tambaya ta dinga yi. "Yaushe? Me ya sa kowa ya je jana'izar, ban da ni? Wa kuma ya mutu ba ku gaya mini ba?"

Daga nan ta daina yarda da maganar kowa. Mama ta ce za ta je kasuwa, sai ta riƙe zaninta tana ihu. Makaranta ta gagare ta, har zangon ya ƙare ba ta koma ba.

Iyaye, mu daina ɓoye wa yara mutuwar nasu. Mu zaunar da su mu faɗa musu da bakinmu, cikin tausayi, mu yi kukan tare, kafin su ji a waje.