Motar Ajidan Ta Tafasa

Turo motar aka yi har ƙofar garejin Albarka, hayaƙi na fita ta ƙarƙashin kapo, murfin inji, jandarmomi biyu na haki a bayanta. Sun wuce garejin Lawali da ke kusa da barikinsu, sun ratso kasuwar Filinge da hantsi, kowa na kauce musu. A shekarar nan da soja ke riƙe da ƙasa, damina kuma ta ƙi, ba mai son motar jandarma ta tsaya masa a ƙofa.

Ajidan Issa, shugaban jandarmomin da aka kawo daga Yamai wata biyu da suka wuce, yana biye da su yana ɗan ɗingishi. Bai yi sallama ba.

"Kai ne makanise? Gyara ta yanzu. Garin Damana za mu, mu kamo wani Sahabi, mai tsaron magazar hatsi."

Da ƙarfi ya faɗa, har mai shayin da ke tsallaken hanya ya ji. Albarka, mai garejin, ya aje sifanar da ke hannunsa. Sahabi ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Makon jiya ya buɗe rumbun gwamnati ya raba wa mata gero ba tare da an ba shi umarni ba, don yara sun fara mutuwa. Wanda aka tafi da shi Yamai kan irin wannan laifi, sai dai a ci gaba da yi masa addu'a.

Haske, matar Albarka, tana tsugune gefe da ƙwaryar furar da ta kawo masa. Ta dubi mijinta sau ɗaya, ta tashi ta bi lungun gidan Magagi mai babur. Ko ludayin ba ta ɗauka ba.

Albarka ya ɗaga kapo. Shekara ashirin yana wannan sana'a, kuma hannunsa ya riga idonsa ganewa. Injin ya yi zafi kamar murhu, amma radiyata, inda ruwa ke zuwa ya huce, sanyi ƙalau. Ya matsa tiyon sama, ya ji shi tauri gagau. Wani abu ya toshe shi, ruwa ba ya wucewa. Aikin minti biyar ne, ko yaro ya iya.

Shi kuwa awa uku yake buƙata, kafin saƙo ya kai wa Sahabi a Damana.

"Mi kake lalube nan?" Ajidan ya daka masa tsawa. "Fanka za ka fara dubawa. Ko sai na koya maka aikinka?"

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

A ransa ya gode wa Allah da ya haɗa shi da jahilin mota mai son ba da umarni. Ya kwance bel ɗin fanka, ya ɗaga shi sama, ya juya shi, ya mayar. Ya kwanta ƙarƙashin motar yana neman yoyon da ya san babu. Ya ce sai inji ya huce kafin a taɓa pampon ruwa, wannan kam gaskiya ce. Da ya huce, ya kwance pampon noti ɗaya bayan ɗaya, yana goge kowanne da tsumma.

Rana ta take tsaka. Ajidan na kai da kawo, yana duba agogo, yana jan ƙafar hagu. Sau biyu ya ce idan mai laifi ya tsere, makanise zai kwana a madadinsa. Albarka ya yarda da maganar sarai. Gumi ya jiƙa masa riga, sifana na zame masa a hannu.

Sai direban, wani jandarma mai rawar kai, ya leƙo. "Jiya lafiya lau na aje motar ga. Bari in ga tiyon can." Ya miƙa hannu.

"Janye hannunka!" in ji Ajidan. "Kai da ka tafasa ta, kai za ka gyara? Koma inuwa."

Direban ya koma yana ƙunƙuni.

Ana gab da kiran azahar aka ji ƙarar babur ta bayan kasuwa. Jim kaɗan Haske ta dawo, ta ɗauki ƙwaryarta, ta ce wa mijinta a hankali, "Baƙonka ya tashi tun ɗazu." Albarka ya koma kan injin.

Da ya ga jandarmomin sun juya baya, ya kwance tiyon, ya zura waya ya jawo abin da ke ciki. Ya zaci tsumma ne. Da ya warware, sai ya ga safa ce koriya, an cusa ta da ƙarfi. Safa ba ta shiga tiyo da kanta. Ya rasa wa zai zarga, ya rasa wa zai gode wa, ya dunƙule ta ya jefa aljihu. Ya ɗaura komai, ya cika ruwa, motar ta tashi lafiya.

"Tsatsa ce ta toshe ta, ranka ya daɗe."

Ajidan ya daɗe yana kallonsa, fuska a murtuke. "Makanisen banza. Ka cinye mana yini. Kawo buta, sai mun yi salla mu tafi."

Albarka ya kawo buta, ya durƙusa ya aje. Ajidan ya zauna bisa tsohuwar taya, ya kwance igiyar takalmin dama, ya tuɓe koriyar safa ya rataya a gwiwa. Sannan ya cire na hagu yana cije leɓe, sai ga ƙafa tsirara, ba safa, takalmi ya saɓule mata dunduniya har ta yi jini.