Fitilar Tankin Tarwaɗa

"Taɓa naman nan ki ji, kamar jiƙaƙƙen burodi!" in ji ɗan wana, yana tura wa matarsa tarwaɗar da mai farfesun Bosso ta dawo masa da ita.

"To, ni na shiga ruwan?" in ji ta.

"Malamin gona ya ce kifin da ba ya samun duhu ba ya hutawa, sai cizon juna, nama ya saki. Wa ke kunna fitilar tankin bayan na kashe? Wallahi ko wane ne, yau zai bar gidan nan!"

Ina kan tabarma, ina jan carbi. Ni ke kunnawa. Haskenta na kaiwa har ƙofar bazawarar maƙwabciyarmu, ni kuwa ban iya kawar da kai ba. In ya kore ni, ko ɗaki ba ni da shi a garinmu Kuta.

Matarsa ta yafa gyalenta, ta dube ni.

"Gwaggo ce. Tambaye ta wa take gani yana shiga can."

Shi nake gani. Ashe ita ma ta sani.

Ta fita ta bugo ƙofa, ta bar ni da shi.