Hotuna Casa'in a Daƙiƙa

Karo na huɗu ke nan Kassim yana buɗe cikin kwamfutar Mushe Filibus (Mushe, wato Malam a bakin masu Faransanci), kuma wannan karon da haushi yake kwance kusoshin.

Shekara tara yana gyaran kwamfuta a unguwar Kara-Kara ta Damagaram, ba a taɓa maido masa da aiki ba. Ba shi da takardar makaranta, ba shi da allon talla a bakin shago, da sunansa kawai yake ci. Sunan nan ne Filibus, malamin lissafi a lise, wato babbar sakandare, ya yi wata uku yana ja a ƙasa.

Da wasan tseren motoci abin ya fara. Filibus ya ɗauro injin a bayan babur, ya ce hoton na tsinkewa. A lokacin da gaskiyarsa. Lambar da ke ƙirga hotuna a kusurwar allo ashirin da biyu ta nuna a daƙiƙa, motar wasan na tafiya kamar mai ɗingishi. Kassim ya wanke fanka, ya sake man da ke sanyaya ƙwaƙwalwar injin, ya kashe manhajojin da ke shan ƙarfi a ɓoye. Lamba ta hau arba'in da biyar.

Bayan mako biyu sai ga shi ya dawo, wai gefen allon ya yi duhu. Kassim ya rage inuwar itatuwa, ya cire hayaƙin tayoyi, ya ƙara haske har yana kashe ido. Lamba ta kai sittin. Filibus ya kai fuskarsa dab da allon, ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, mu gani." Garin tashi ya yi fatali da kofin shayin Kassim, ko waiwaye bai yi ba. Kassim ya ce a ransa, masu boko ke nan.

Zuwa na uku a kan kabu-kabu ya zo, ya ce ya sayar da babur, mai ya yi tsada. Yanzu kuma wai hazo ne ya rufe hanyar tseren. Kassim ya duba sama ya duba ƙasa, allo tas, lamba na nan a sittin.

"Mushe, wallahi injin nan lafiyarsa ƙalau."

"Ƙarya zan yi maka? Ka kashe mini ordinatar! Ka cire kayan kirki ka zuba na jabu!"

A gaban mutum uku ya faɗa, kuma uku sun isa. Kafin mako ya zagayo maganar ta shiga har unguwar Birni. Wani ya zo ya ɗauke injinsa ba a gama gyara ba. Wani ya tsaya a kansa yana ƙirga kusoshi. Abin ya ci Kassim a rai har abinci ya daina yi masa daɗi.

Sau biyu Madam Dibora, matar Filibus, ta biyo ta shagon da farar rigarta ta aikin asibiti.

"Malam Kassim, don Allah ina son magana da kai, mu biyu."

"Madam, in maganar inji ce, mijinki ya gama faɗa wa duk Damagaram."

Sai ta juya ta tafi.

Shi ya sa a karo na huɗu Kassim ya ciro katin hoto, na'urar da ke zana hoto a allo, daga injinsa na kansa, wanda yake ji da shi kamar ɗa, ya dasa a na Filibus. Ya bi saituna ɗaya bayan ɗaya, ya gwada, ya sake, ya gwada. Casa'in. Mota na sulalewa a kan kwalta ba ko gargada. Ya aika wa Filibus cewa ya zo ran Asabar bayan la'asar, ya kuma gayyato maƙwabta da duk wanda ya ji zagin. Wanda ya ɓata shi a gaban jama'a, a gaban jama'a zai wanke shi.

Shagon ƙarami ne. Teburin na can ciki, allon ya ba ƙofa baya, mutane suka yi cirko-cirko a waje suna leƙe. Wasan na kunne, ƙugin mota na fita daga lasifika, Kassim na durƙushe bayan tebur yana ƙarasa shirya wayoyi, sai ga Filibus da matarsa sun iso tun lokaci bai yi ba. Dibora na riƙe da hannun rigar mijinta kamar sababbin aure. Wani a bakin ƙofa har ya yi musu tsiya.

Ta ja masa kujera ya zauna. Kassim ya miƙe da sauri.

"Mushe, dakata tukuna..."

"Bari, ai ga shi ina gani."

Filibus ya ɗora yatsu a kan madannai. Mota ta yi ƙara, tayoyi suka yi kuka, aka ji ta daki wani abu ta sake tashi. Ya ƙura wa allon ido yana gyaɗa kai a hankali. Can ya janye hannunsa ya juya wajen ƙofa.

"Jama'a, ku shaida. Injin nan ya gyaru, ban taɓa ganin hoto garau irin wannan ba. Na zalunci bawan Allahn nan. Kassim, ka yafe mini."

Waje ya ɗauki sowa. Wanda ya ɗauke injinsa ya ce gobe zai maido. Abin da Kassim ya yi wata uku yana nema ya samu a cikin minti biyu. Dibora na tsaye bayan kujera, hawaye na bin kumatunta, tana girgiza masa kai a hankali, tana roƙonsa da ido kada ya ce komai.

Kassim ya mayar da hannunsa baya, ya ɓoye wayar allon da bai kai ga jonawa ba.