Shekarar da Delmer Ya Daina Harbi

Kwana kaɗan da binne mijina Delmer, ƙaninsa Hoyt ya shigo kicin riƙe da bindigar farauta.

"Matar Yaya, ga ajiyarsa."

Na ce, "Ai cewa ya yi ya sayar da ita ya sayi kyamara."

Tun shekarar da ya daina harbi naman barewa bai sake shiga firizarmu ba. Sai ya hau dutse da sassafe, ya dawo da hotunan barewa da na talo-talon daji. Abokansa na tsokanarsa: "Delmer, soya hoton za a yi ko gasawa?" Ni ma na sha faɗa masa haka, sai dai ni ba da wasa ba. Murmushi kawai yake yi.

Hoyt ya zauna, ya cire hularsa.

"Ni ya kawo wa. Idonsa ne ya fara rauni, ya ɓoye miki. Wata rana ya hango barewa a kurmi, ya saita, yatsansa na kan kunamar bindiga. Sai barewar ta yi tari."

Ya kasa kallona.

"Ke ce, Nadine. Kin sunkuya kina tsintar ƙiraren wuta."