Muryar Inna a Bakin Ƙorama

Ranar da Inna ke naƙuda, Baba ya kwashe mu cikin tsohuwar motarshi daga Azarori zuwa likitar Madawa. Ruwa ake zubawa, ko hanya ba a gani. Munka iske ƙorama ta cika, tana jan itace. Ni da ƙanwata muna baya, riƙe da ƙafafun Inna.

Baba ya yi bisimilla, ya soma gangarawa. Sai Inna ta ɗago, ta damƙe wuyan rigarshi.

"Malam, kashe motar nan. In mutuwa ce, ta ɗauke ni ni kaɗai. Kada ka shiga min ruwa da ɗiyan nan biyu."

Ya kashe. Nan cikin mota ta haihu.

Yau ni ke tuƙin motar haya. In na tsaya bakin ruwa, fasinja su yi ta zagina. Su zaga. Ba su ji muryarta ba.