Burkutun Tsohuwa Mai Ɗaci

Shugaba, tunda kwamitinku na makaranta ya tsayar da tsohon malamin lissafi a gaban taron iyaye ya sallame shi, wai don yara sun ce ya cika tsanani, to ka ba da aron kunne ka ji wannan misali, kada kuma ka katse shi a tsakiya.

A wani ƙauyen Maguzawa an yi wani manomi da ya shekara goma sha biyu a birni yana aikin gadi, sannan ya dawo gida ya karɓi gonar ubansa. Damina ta kankama, ciyawa ta taso wa dawarsa har gwiwa, ya ga in ba gayya ya kira ba, bana harƙiya zai girba. A can kuwa ba a kiran gayya da fatar baki. Sai an jera tulunan burkutu a gindin ɗorawa, duk wanda ya kai ƙarshen kunya ya zo ya jiƙa maƙogwaro ya koma. Sai ya aika wa wata tsohuwa, ƙawar marigayiya uwarsa, wadda ke dafa giya a wani ɗan gida bayan rafi da tukwanenta uku kacal. Kwana bakwai ta yi a kan aikin. Ta jiƙa dawa, ta jira ta tsira, ta shanya, ta niƙa, ta dafa har sau biyu, a dahuwar ƙarshe ta jefa ɗan ɓawon maɗaci kamar yadda ta taso ta ga uwarta na yi. Ana gobe gayya ta rako tulu huɗu har ƙofar gidansa, ta ɗebo ɗanɗano a ƙoƙo ta miƙa masa. Kurɓi ɗaya ya yi, ɗaya tak! Ɗaci ya daki harshen da ya saba da zaƙi-zaƙin birni, ya tofar a gaban maƙwabta, ya ce shi giya ya sa a dafa masa, ba maganin shawara ba. Tsohuwa ta ce, “Ɗan nan, gobe za a yi rana, ɗacin nan shi zai riƙe giyar.” Bai bari ta rufe baki ba ya ce a kwashe. Ya hau keke ya tafi kasuwa, ya samo wata giya da aka zambaɗa wa sukari, ya sha ya lashe leɓe, ya kwana yana yaba wa kansa wayo. Washegari majiya ƙarfi talatin suka shiga gona da kiɗa. Da hantsi kowa na yabon giya. Rana na take tsaka tuluna suka fara kumfa, zaƙi ya juye ya zama tsami, ciki ya soma murɗa wa mutane. Ɗaya bayan ɗaya suka saɓa fartanya suka bi hanya, mai ganga ma ya rataya abarsa. Ko sulusin gonar ba a nome ba.

Tulunan da ya kora kuwa maƙwabcinsa ne ya karɓa, don shi ma yana da gayya bayan kwana biyu. Manomin nan ya so ya ɓuya, amma wanda ya zo maka gayya dole ka je masa, sai ya ɗauki fartanya ya tafi kansa a sunkuye. Ya kai ƙarshen kunya, ƙishi ya koro shi gindin bishiya, sai ga tsohuwa zaune da ludayi a hannu. Ta cika ƙoƙo ta miƙa masa, ta ce wannan karon ya sha sau uku kafin ya buɗe baki. Ya kurɓa na farko, ɗacin na nan daram. A na biyu ya ji ƙamshin tsiro da ɗan hayaƙin murhu. A na uku wani zaƙi siriri ya biyo baya can ƙasan maƙogwaro, ƙishi ya yanke kamar an sa wuƙa. Kwana uku ke nan da sauke giyar, ga rana kamar ta fasa dutse, amma ko alamar tsami babu. Aka yi ta noma har inuwa ta miƙe, aka tashi gonar maƙwabci tas. Da ya ga mutane sun ragu, ya matso ya durƙusa ya ce, “Inna, ki yafe mini.” Tsohuwa ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, “Kai da ka sha yi mini fitsari ina goye da kai, tofinka ne zai dame ni? Amma ba a nan za ka faɗa ba, je ka tara waɗanda suka ji na farko.” Haka ya yi, ya tara maƙwabta ya maimaita da babbar murya. A ranar ta sake jiƙa masa dawa. Sai dai tsiro ba ya jin gaggawar kowa. Kafin kwana bakwai su cika, ciyawa ta shaƙe rabin gonar, abin da ya kai rumbu a shekarar bai kai shi bazara ba.

Shugaba, ku ma kurɓi ɗaya kuka yi. Ku kira iyayen nan, dukkansu, a ɗakin da kuka tara su, ku dawo da dattijon nan ku ba shi haƙuri a gabansu tun jarrabawa ba ta ƙarato ba. Hausawa dai sun riga sun faɗa: in ka ƙi ji, ba ka ƙi gani ba.